Sau Huɗu Jinin Baba Ya Sauka

Ina cikin wata na biyar da fara koyon aikin sa barci Malama ta tsayar da ni a ƙofar ɗakin tiyata ta ce, "Gobe kai ne a kai. Ina bayanka, amma ba zan sa hannu ba sai na ga za ka yi ɓarna." Kai a bakinmu shi ne kan gadon tiyata, bayan ɗan labulen nan da ke raba mu da masu fiɗa. Su ciki ne nasu. Mu kuwa numfashi da barci da zafi da jini duk a wuyanmu suke.

Majinyacin dattijo ne mai shekara 68. An gano ƙari a babban hanjinsa, za a buɗe ciki a yanke wurin a sake haɗa hanjin. Ya fi shekara 10 yana shan maganin hawan jini. Da yamma na same shi a gadonsa, muka gaisa, na ce, "Baba, zan auna jininka sau biyu, ɗaya kana kwance, ɗaya kana tsaye." Ya yi dariya ya ce, "Likita, ashe jinin kwance daban, na tsaye daban?" A kwance na samu 150 bisa 88, zuciya na bugawa sau 74 a minti. Ya miƙe, na ba shi minti ɗaya na sake aunawa: 142 bisa 86, bugu 85. Wannan ɗan ƙarin bugun shi na zo nema, kuma da na gan shi hankalina ya kwanta.

Sai a yi haƙuri da ni kan kalmar jijiya, don Hausa ta haɗa abubuwa biyu a suna ɗaya. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudu a cikinta, akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka. Labarin nan duk na yadda ta biyun ke juya ta farkon ne. A wuya, ƙasa da muƙamuƙi, inda babbar jijiyar jini ke rabuwa biyu kafin ta shiga kai, akwai ɗan kumburi a bangonta. Akwai wani wurin kuma a lanƙwasar babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. A waɗannan wuraren masu gadi suke zaune, ba abin da suke ji sai yadda bangon ke miƙewa da kowane bugu. Wani likitan Jamus, Heinrich Hering, shi ya tabbatar da aikin na wuyan a shekarun 1920. Rahotonsu yana tafiya zuwa gindin ƙwaƙwalwa, saitin ƙeya, daga can kuma umarni ke fitowa ta hanya biyu. Ɗaya ƙaimi ce: jijiyoyin da ake kira simfatetik, masu fitowa daga laka a tsawon ƙirji zuwa saman ƙugu, su sa zuciya sauri, su matse jijiyoyin jini. Ɗayar linzami ce: jijiyar bagus, wadda ta sauko daga kai ta ratsa wuya da ƙirji har cikin ciki, ita ke ja wa zuciya baki. Da Baba ya miƙe, wajen rabin lita na jininsa ya gangara ƙafafu da ciki. Masu gadin suka ji bango ya saki, aka sassauta linzami, aka ɗan taɓa ƙaimi, duk kafin ya gama gyara tsayuwa. A mai ciwon suga da ya daɗe, sau da yawa jinin kan faɗi bugun kuwa ko gezau, kuma irin wannan majinyacin tun daga daren za ka fara shirinsa.

Na duba magungunansa. Akwai lisinofiril, wanda ke toshe hanyar da ƙoda ke bi ta ɗaga jini. Na rubuta kada a ba shi na safe. Jiki yana da madogara uku wajen riƙe jini: jijiyoyin saƙo, sinadarin da ke farawa daga ƙoda, da wani sinadarin, basofiresin, da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Ta farkon da hannunmu za mu raunana ta gobe, bai kamata mu shiga da ta biyu a ɗaure ba.

Da safe, kafin a shigo da shi, na zuƙi atirofin mai kwance wa zuciya linzami, da efedirin da fenilefirin masu ɗaga jini, kowanne a sirinjinsa, na manna musu suna na jera su inda hannuna zai kai ko ban duba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da aka kwantar da shi aka ɗaura masa madaurin awo, na'ura ta nuna 174 bisa 96. Bai ce yana tsoro ba, amma hannunsa sanyi ƙalau, gumi a tafinsa. Na ce, "Baba, jikinka ya tona maka asiri." Ya ce, "Ɗana, wa zai ga wannan fitilar bai tuna gida ba?" Ban ba shi komai don wannan hawan ba. Hawa ne na ƙaimi, nan da minti goma ni zan riƙa nemansa ruwa a jallo.

Muka zaunar da shi ya rungumi matashi ya ranƙwafa, na sa siririyar robar efidural tsakanin ƙasusuwan ƙirjinsa na ƙasa. Ta nan za a riƙa tura maganin kashe zafi a gefen laka har kwanaki bayan aikin. Na gwada ta da ɗan kaɗan kawai na bar ta. Sannan na sa wata robar a jijiyar wuyan hannunsa, wadda ke zana kowane bugu a allon na'ura kamar tuddai a jere. Madaurin dantse sai bayan minti uku ko biyar yake ba ka labari, a aikin ciki kuwa minti uku zamani ne.

Na ba shi iskar oksijin, sannan fentanil mai kashe zafi, sannan furofofol mai sa barci a hankali, sannan maganin sakin tsoka. Da na sa ƙarfen haska maƙogwaro na tura robar numfashi, jinin ya yi tsalle zuwa 165, abin da aka saba, domin maƙogwaro wuri ne mai ƙorafi ko mutum na barci. Na haɗa shi da injin numfashi, na buɗe iskar barci. Masu fiɗa suka tafi wanke hannu, nas ta shiga shafe ciki da magani, aka shiga shimfiɗa mayafai. Ɗaki ya yi tsit, ba mai taɓa shi da komai.

A wannan shirun jinin ya sauka karo na farko. Ina rubutu na ɗago kai na ga 78 bisa 45. Mu lambar tsakiya muka fi kallo, wato ta ƙasa a ƙara mata sulusin tazarar da ke tsakanin biyun, ita ce ta nuna 56. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a bar ta ƙasa da 65, domin ƙoda da zuciya su ne ke biyan bashin in ta daɗe a can. Ga mai hawan jini kamar Baba, wanda tasa ta saba zama wajen 109, Malama ta ce min tun da safe ba ta son ganinta ƙasa da 75. Na dubi bugun zuciya: 68. Mutumin da jiya saukar maki takwas ta sa zuciyarsa ƙara bugu goma sha ɗaya, yau jininsa ya zube kusan rabi, zuciyar tana tafiyarta kamar ba abin da ya faru. Na karanta wannan a littafi ba sau ɗaya ba, amma gani ya kori ji. Furofofol da iskar barci ba mutum kaɗai suke sa barci ba, har masu gadin wuyansa suna gyangyaɗi, ƙaimin kuma ya yi laushi. Malama ta sunkuyo ta ce a kunnena, "To, yanzu kai ne wuyansa." Na tura efedirin miligiram 6, na rage iskar barci kaɗan, na saki ƙarin ruwa. Cikin minti biyu ya dawo 108 bisa 62, bugu 78.

Wuƙa ta sauka, jinin ya ƙara hawa da kansa. Na koma cike takardar awo, ɗigo bayan ɗigo. Wannan takardar tana da tarihi: Harvey Cushing, likitan fiɗa na Amurka, shi ya ga madaurin awo na Riva-Rocci a garin Pavia na Italiya a 1901, ya tafi da shi gida ya nace a riƙa auna jini ana cikin aiki. Kafin nan yatsa a wuyan hannu shi ne duk abin da ake da shi.

Saukar ta biyu kunnena ya fara jin ta. Na'urar tana ƙara da kowane bugu, kuma bayan wata biyar kunne ya haddace tazarar. Kwatsam tazarar ta buɗe. Tit... tit... tit. Bugu 72, sai 55, sai 41, sai 36. Tuddan allon suka yi nisa da juna, jinin ya bi su ƙasa. Gabana ya faɗi. Hannuna ya tafi kan atirofin, amma ƙafafuna suka ɗaga ni na leƙa ta saman labule, abin da Malama ta sha faɗa min har na gaji da ji. Mataimakin likitan fiɗa ya saka babban ƙarfen buɗe ciki ƙarƙashin haƙarƙari yana ja da iyakar ƙarfinsa, babban likitan kuma hannunsa ya nutse can sama yana laluben hanta.

Abin da ya kamata in faɗa kalma uku ne, amma mutumin nan ya fara fiɗa tun ban shiga makarantar likita ba. Na juya na dubi Malama. Ta harɗe hannu tana kallon rufi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan saki." Bai ji ba. Na ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, a saki ciki, zuciya ta sauka 36!" Nan take ya zare hannu, mataimakin ya sassauta. Na tura atirofin miligiram 0.6. Gaskiya tun kafin maganin ya isa zuciya bugun ya fara dawowa, 44, 58, sannan atirofin ya kai shi 90. Babban likitan ya ce, "In ci gaba?" Na ce a ba ni minti ɗaya. Ya ba ni, bai ko ɓata rai ba. Ashe ni kaɗai nake ganin abin a matsayin rashin kunya.

Tantanin da ya lulluɓe ciki da kayan ciki cike yake da jijiyoyin saƙo. In aka fizge shi da ƙarfi, saƙo ya haura gindin ƙwaƙwalwa, sai bagus ta ja linzami gaba ɗaya, wani lokaci har zuciya ta tsaya na ɗan lokaci. Friedrich Goltz ya nuna wannan tun a shekarun 1860 da kwaɗo: ya riƙa ƙwanƙwasa cikinsa, zuciyar ta tsaya, da ya yanke bagus kuwa ƙwanƙwasar ta daina tsayar da ita. Haka kan faru a aikin ciki na kyamara idan aka hura iska da gaggawa tantanin ya miƙe lokaci guda. Maganin farko yana hannun mai ja, sirinji na biyu ne.

Ba a yi minti goma sha biyar ba jinin ya sake sauka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: na sake kai hannu kan atirofin. Malama ta riƙe min wuyan hannu. Wannan ne karo ɗaya da ta sa hannu a ranar. Ta ce, "Bugu nawa?" Na duba: 112. "To linzamin wa za ka kwance?" Jinin 84 bisa 38, lambar ƙasa ce ta fi zubewa. Na leƙa, ba jini a fili, kwalbar tsotsa kusan wayam. Likitan ya ɗago ƙananan hanji gaba ɗaya yana kawar da su gefe don ya samu wurin aiki. Malama ta ɗaga mayafin da ya rufe fuskar Baba. Duk da duhun fatarsa, kunnuwansa da leɓɓansa sun yi ja, goshinsa da zafi, yatsunsa ɗumi kamar wanda ya fito daga ruwan zafi.

Na fara lissafin ko wani magani ne jikinsa ya ƙi. Na saurari ƙirji, ba shaƙa, injin numfashi bai nuna tauri ba, ba ƙuraje ba kumburi, kuma an daɗe da ba shi maganin ƙarshe. Lokacin ya zo daidai da ɗaga hanji. Idan aka ja tantanin da ke riƙe hanji, jijiyoyin jininsa kan saki wani sinadari, furostasaikilin, wanda ke buɗe jijiyoyin jini a duk jiki. Wannan karon ba jijiyoyin saƙo ne suka jawo abin ba, su ne ma ke ƙoƙarin gyara: masu gadi sun ji faɗuwar duk da barcinsu, ga shi kuma atirofin ya riga ya kwance linzami, shi ya sa zuciyar ke gudu. Sai dai gudun zuciya ba ya cika jijiyoyin da suka buɗe baki. Na tura fenilefirin maikurogiram 100, wanda aikinsa matse jijiyoyin jini ne kawai. Jinin ya hau 112 bisa 60, bugun ya sauko 98. Sau uku na maimaita a cikin rabin awa, sannan jan fuskar ya washe, abin ya wuce kamar ba a yi ba.

Ta huɗun laifina ce, kuma ita ce ba ta yi ƙara ba. An shiga awa ta uku, komai ya lafa, na ga bugu da jini suna ɗan hawa duk lokacin da aka taɓa gefen raunin. Na ce zafi ne, na tura cikakken kaso na maganin efidural. Ban leƙa ba, ban tambaya ba. Da na tambaya da na ji cewa yanzu ne za a shiga ɗaure manyan jijiyoyin jinin da ke ciyar da hanjin.

Cikin mutum rumbun jini ne. Jijiyoyin hanji da hanta da saifa suna riƙe da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jinin jiki, kuma idan aka yi asarar jini, nan ne jiki ke fara matsewa ya turo ajiya zuwa zuciya. Umarnin matsewar yana fitowa ne daga laka tsakanin gaɓar ƙirji ta 5 zuwa ta 12, wato daidai inda na zuba maganin. Maganin kashe zafi ba ya tantance jijiyar zafi da ta ƙaimi, hasali ma na ƙaimin sirara ne, suna cikin waɗanda ke fara mutuwa. Na buɗe ƙofar rumbu a daidai lokacin da wata jijiya ta kufce wa masu fiɗa.

Jinin ya riƙa zamewa sannu a hankali, 105, 98, 90, 82. Bugun bai wuce 80 ba, wannan ya ruɗe ni, don a kaina zubar jini da gudun zuciya tare suke tafiya. Amma jijiyoyin da ke zaburar da zuciya daga gaɓar ƙirji ta 1 zuwa ta 4 suke fitowa, in maganin ya haura can, ƙaimin zuciyar ma ya tafi. Abin da ya farkar da ni tuddan allo ne. Duk lokacin da inji ya hura huhu sai su ƙanƙance, in ya saki su girma, alamar zuciya na bugawa ba a cike ba. Na leƙa. Kwalbar tsotsa ta kai mililita 600, ga auduga jiƙe sharkaf a jere a kan tire. Robar fitsari kuwa ɗigon da ta tara a awa guda bai taka kara ya karya ba. Malama ta ce, "Kada ka jira zuciyar ta yi gudu. Wadda ba komai a cikinta wani lokaci ragewa take yi, in ta fara haka kuwa ka makara."

Na faɗa wa masu fiɗa halin da ake ciki, wannan karon ba tare da na waiwayi kowa ba. Na matse ledar ruwa, na aika a kawo jini, na ɗan sunkuyar da kan gadon, na haɗa noradirenalin a injin tura magani. Noradirenalin shi ne ainihin sinadarin da jijiyoyin ƙaimi ke fesawa a bangon jijiyoyin jini, wanda Ulf von Euler na Suwidin ya gano aikinsa a 1946. Abin da na hana laka aikawa, shi nake turawa ta roba, ina ƙarawa ina ragewa da yatsa, ina kallon lambar tsakiya. Aka kama jijiyar aka ɗaure. Leda ɗaya ta jini ta shiga, tuddan suka daidaita, fitsari ya fara ɗiga. Na lissafa daga takarda: minti tara lambar ta yi a ƙasa da 65. Malama ba ta yi min faɗa ba, ta dai sa na zagaye wurin da biro na rubuta lokacin da na tura efidural a gefensa.

Aka rufe ciki bayan awa huɗu. Na ba da niyostigmin don kwance maganin sakin tsoka, haɗe da atirofin, domin in aka ba da niyostigmin shi kaɗai zai ƙarfafa bagus ya mayar da mu inda muka fito. Na kashe iskar barci. Tun kafin ya buɗe ido na ga jinin na hawa da kansa, ina rage noradirenalin yana ƙara hawa, har na kashe injin. Na ce, "Baba, an gama. Buɗe idonka." Ya buɗe, ya yi tari, na zare robar. A ɗakin farfaɗowa 134 bisa 78, ba ya jin zafi.

Washegari nas ta kira ni. Sun zaunar da shi a bakin gado karo na farko, ya ce duhu yake gani, gumi ya karyo masa. A kwance 128 bisa 76, a zaune 96 bisa 58. Efidural na nan tana aiki, rumbun ciki bai karɓi umarni ba tukuna. Na ɗauko ƙanƙara na bi fatarsa da ita daga cibiya zuwa sama, bai ji sanyinta ba sai da na wuce saitin nono. Na rage gudun maganin, na ƙara masa ruwa, na ce a riƙa ɗaga kan gadon mataki mataki kafin a sauko da ƙafafunsa, kuma kada a mayar masa da lisinofiril tukuna. Gwajin ƙoda na wannan safiyar ya ɗan hau kaɗan, na kwana ina tunanin minti taran nan. Na rana ta biyu ya dawo daidai.

A rana ta uku aka cire robar efidural. Da yamma na je da madaurin awo a hannu. Yana hango ni ya ce, "Likita, yau wanne za a fara, na kwance ko na tsaye?" A kwance 138 bisa 82, bugu 78. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ɗaya hannun a kan ɗinkin. Na ƙirga minti ɗaya: 131 bisa 80, bugu 89. Ya ce tunda ya riga ya tashi, bari ya taka zuwa bakin taga.